Haƙoran Koriyar Mota

Ƙarar nake fara tunawa kafin komai. Gurnani ne gajere, kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe, sai ya katse da "kau", sai shiru. Bayan shirun sai in ji Baba ya ajiye sifana a kan siminti a hankali, irin ajiyewar mutumin da yake tsoron kada ya yi jifa da ita. Warin fetur kuwa yakan tsallako katangar gareji ya tarar da hayaƙin turaren wutar Kaka, su haɗu su zama wani ƙamshi na uku da ban sake jin irinsa a ko'ina ba.

Shekarata tara a lokacin. Muna zaune a Doha, a unguwar Aziziya, a ɗan sashen da ake ginawa bayan manyan gidaje, wanda ake kira mulhak: ɗaki biyu, da kicin, da tsakar gida da ba ta wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Gidan na kafil ɗin Baba ne, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, wani dattijo mai son tsofaffin motocin Amurka. Huɗu gare shi a jere cikin gareji, kowace da mayafinta. Aikin Baba shi ne kula da su. Saboda wannan aikin aka ba mu wurin zama, saboda shi aka yi mana takardu ni da Umma. Umma ta rasu ina shekara bakwai, kwana biyu bayan an yi mata aikin zuciya, kuma dattijon nan ne ya shiga ya fita har aka kawo Kaka daga Funtuwa don ta riƙe ni.

Mu uku ke nan a gidan, amma magana ba ta tafiya tsakaninmu sai ta biyo ta kaina. Baba ɗan farin Kaka ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Idan ya durƙusa da safe ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" sai ta amsa wa bango. Idan tuwo ya sauka, ni take cewa, "Takwara, je ki gaya wa mai garejin nan kada miya ta huce." Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini takwara, Baba kuma yake ce mini Mamana. A lokacin ban ɗauki wannan kunya wani abu ba. Na ɗauka haka kowane gida yake, akwai mai magana, akwai mai saurare, akwai yarinya a tsakani tana kai kawo.

Ranar Juma'a bayan la'asar Baba yakan bar ni in shiga gareji in taya shi cire mayafan. Shi ya koya mini cewa motoci ma suna da wa da ƙane. Baƙar da ta girme su duka tana da ɗan rami a gaba, inda ake zura ƙarfe a murɗa da ƙarfin damtse kafin ta tashi. Mai ruwan madara tana da ɗan maɓalli a gaban direba. Ja mai dogon baya, autarsu, makulli kawai ake murɗa mata. Ya ce tsofaffin batirinsu mai ƙarfin wuta shida ne, na baya-bayan sha biyu, kuma kowane zamani da irin sitatarsa, wato ƙaramin injin da yake juya babban inji har ya kama. Sitata tana da ɗan ƙarfe mai haƙora a bakinta, shi yake zabura ya ciji wani babban faifai mai haƙora a bayan inji, ya juya shi. "In haƙoran ba su dace ba, Mamana, ko shekara za ki yi ba za ta tashi ba."

Ta huɗun ita ce koriya. Ita da ƙafa ake tada ta, akwai wani ɗan mataki a ƙasa kusa da totur. Motar mahaifin dattijon ce, ta yi shekaru a ajiye a gona, aka jawo ta gida ba sitata a jikinta, wani ya taɓa kwance ta ba wanda ya san inda ya kai ta. Dattijon ya ce da ita yake so a kai autansa wurin biki, kamar yadda aka kai shi da ita. Yana dafa bayanta yana rantsuwa cewa ba a taɓa canza mata ko ƙusa ɗaya ba, yadda mahaifinsa ya bar ta haka take. Sai dai a lokacin tsufa ya kama shi, babban ɗansa ke tafiyar da gidan, shi kuwa ya daɗe yana ganin ba dalilin ajiye makaniki da iyalinsa saboda motocin da ba a hawa. Na ji shi da kunnena a bakin gareji yana ce wa Baba, "Yalla, Abubakar. In ta tashi kafin biki, to. In ba ta tashi ba, khalas, shi ke nan."

Baba ya karanta shekarar motar a ɗan allon ƙarfen da ke jikin ƙofarta, ya sa aka aiko da sitatar wannan shekarar daga Amurka. Sai da ta yi mako uku a hanya. Ya ɗaura, ya taka, ta yi gurnanin nan. Ya ce ta lalace ne tun can. Ya sake aikawa a kawo wata.

Lokacin sanyi ne. Kaka ba ta yarda da hita ba, ta ce tana busar mata da hanci, don haka da an idar da magariba takan hura gawayi a kasko, mu zauna a bakin ƙofa, ta ɗora 'yar tukunyar shayi a gefe. Daga nan muna hango fitilun dogon benen da ke wajen filin wasanni suna canza launi, ita kuwa ba ta taɓa ɗaga kai ta kalle su ba. Tsakanin magariba da isha'i lokacinmu ne. Tatsuniyoyinta ba su cika daɗin ƙarshe ba. Yawanci wani yakan tafi bai dawo ba, ko ya dawo ya tarar an rushe gidan. Idan na yi ƙorafi sai ta ce, "Ke dai sunana kika ara, ba ki ari haƙurina ba."

"Ai ke tsohon yayi ce, Kaka. Ni ce sabuwar fita."

"Sabuwar fita da ba ta iya daka ba. Matso da kaskon, ƙafata ta yi sanyi."

Ranar da Baba ya ɗaura sitata ta biyu, muna zaune haka gurnanin ya zo daga bayan katanga. Kaka tana zuba turare, sai hannunta ya tsaya a sama. Ta karkata kai. Aka sake takawa, aka sake gurnani, aka sake "kau". Na ga leɓenta yana motsi kamar mai ƙirga wani abu. Turaren da ke tsakanin yatsunta ya zube a tabarma. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tafe, ba fitila ba hon."

Haka take buɗe tatsuniya tun da ta zo gidan motoci. Na amsa yadda ta koya mini: "Ta shigo, an buɗe mata ƙofa."

Wai an yi wani maƙeri mai 'ya'ya uku, duka masu nauyin barci. Babban ba ya tashi sai an kama hancinsa an murɗa, kuma in ya farka da shuri yake farkawa, ya sha karya hannun masu tashinsa. Na tsakiya sai an taka masa babban yatsan ƙafa. Auta kuwa raɗa kawai ake yi masa a kunne. Uban ya gaji, sai ya ƙera wa kowanensu ɗan kwikwiyon ƙarfe wanda zai riƙa cizonsa da asuba, ya auna haƙoran kowane kwikwiyo daidai da mai shi. Na babba ba ya tada auta, na auta ba ya tada babba. Aka zauna lafiya.

Ana nan sai zuciyar na tsakiya ta gaji. Ya rame, yana tari, ba ya iya hawa tudu. A wannan shekarar kuma Auta ya faɗa rami ya mutu, jikinsa ya ragargaje amma zuciyarsa lafiya lau. Sai maƙerin ya rufe ƙofar maƙera, ya tsaga ƙirjin na tsakiya, ya ciro tsohuwar zuciya, ya sa ta Auta, ya ɗinke, ya mayar masa da rigarsa. Bai gaya wa kowa ba. Bayan maƙerin ya mutu, na tsakiya ya kwanta barci. Mutane suka kawo kwikwiyonsa ya cije shi, sai ya yi gurnani yana cizon haƙora, bai tashi ba. Suka ce kwikwiyon ne ya tsufa, suka ƙera sabo irinsa. Gurnani dai. Kowa ya zo sai ya dubi fuska ya dubi riga ya ce ai na tsakiya ne, mun san shi. Har wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta zo wucewa, ta kara kunnenta a ƙirjinsa, ta ce, "Ku daina tambayar riga shekarunta. Mai sayen rago ba igiya yake dubawa ba, baki yake buɗewa ya ƙirga haƙora." Da aka duba aka gane, aka ƙera masa kwikwiyo irin na Auta. Cizo ɗaya ya miƙe.

"Ƙurunƙus kan tsohuwar sifana," in ji Kaka. Sannan ta kama hannuna, abin da ba ta saba yi ba. "Takwara, tashi ki kai wa mai garejin nan wannan. Yadda na ba ki haka za ki ba shi. Kada ki zubar da komai a hanya."

Hanyar ba ta da nisa. Ƙofa ɗaya ce, da ɗan lungu mai bishiyar lemun tsami. Amma a cikin lungun nan na tsaya, domin tun da Kaka ta zo wurin tsaga ƙirji hankalina ya bar tatsuniyar. Na tuna Umma a gadon asibiti da farin bandeji daga wuya zuwa ciki. Na tuna Baba a zaune a ƙasan baranda, hularsa a hannu. Shekara biyu ba wanda ya ambaci kalmar zuciya a gidanmu. Na ga ba zan iya tsayawa gabansa in ce an tsaga ƙirjin wani an ciro zuciyarsa ba. Kuma ni yarinya ce mai son gyara labari, har a makaranta ana yaba mini. Sai na gyara.

Na same shi kwance a ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai a waje. Na tsuguna na ba shi labarin 'ya'yan maƙeri uku, da hanci, da yatsa, da raɗa. Ya yi dariya daga can ƙasa, dariyar farko da na ji daga gare shi a wannan watan. Ya ce, "Inna ta ga motocinmu ke nan." Da na zo wurin ciwon na tsakiya, sai na ce wata aljana ce ta yi masa asiri ya kasa tashi, aka yi ta kawo kwikwiyo bai farka ba, har wata tsuntsuwa mai jan baki ta sauka a tagarsa ta rera waƙa, ya buɗe ido. Har waƙar na ƙirƙira na rera masa. Ba zuciya, ba riga, ba rago, ba haƙora.

"Mai daɗi ce, Mamana," ya ce. "Miƙo mini sifana mai lamba sha uku."

Da na koma Kaka ta ce, "Kin kai?"

"Na kai."

"Duka?"

"Duka."

"Me ya ce?"

"Ya ce mai daɗi ce."

Ta kalli garwashi. Kashegari ta sake ba ni tatsuniyar, ita da ba ta taɓa maimaita labari ba. Wannan karon ta gajarta farkon, ta ja wurin ragon, har ta kama haɓata ta buɗe mini baki tana ƙirga haƙorana da yatsa, ina ture ta ina dariya. Ta sake aika ni. Na sake kai tsuntsuwata. A rana ta uku da na dawo da amsa iri ɗaya, sai ta ce, ba da ni take ba, "To. Shi ya yi makarantar abin. Ni me na sani." Daga ranar ba ta sake ambaton maƙeri ba. Ta koma ba ni labaran da na riga na sani, tana yi tana tsayawa duk lokacin da gurnanin ya tsallako katanga, kamar wadda ake taka wa miki.

Baba ya canza batir, ya canza wayoyi, ya goge kowane mahaɗi har yana ƙyalli. Sitata ta uku ta iso saura kwana huɗu biki. Ranar da ya gwada ta, dattijon ya sa aka turo shi a kekensa har bakin gareji, da bargo a gwiwarsa. Ni ina leƙe ta lungun lemun tsami. Baba ya yi bisimilla ya taka. Dattijon ya saurari gurnanin har ya ƙare, ya ɗaga hannu ya shafa gefen motar, ya ce a mayar da shi ciki. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa, ina jin da ya fi wa Baba sauƙi.

An kai ango a wata farar mota sabuwa. Ba a kore mu da wulakanci ba, an ba mu wata biyu mu shirya, har dattijon ya aiko wa Kaka da turmin yadi da kwalbar turare. Ranar tafiyarmu ta juye tokar kaskonta a gindin lemun tsamin, ta naɗe shi a tsohon zane. Kabarin Umma muka bari a nan, shi ne abin da Baba bai iya magana a kai ba. Muka koma Funtuwa, ya buɗe ɗan gareji a bakin hanya, yana gyaran motocin haya. Bai sake zama mai yawan magana ba. Kaka ta rasu ina aji biyar na sakandare, har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunansa ba.

Yanzu na dawo Doha, ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti a Al-Sadd. Nakan je wurin Umma ranar Juma'a. Aziziya kuwa sau ɗaya na bi ta layinmu a tasi, ban ce direba ya tsaya ba.

Bara da na je hutu gida, muna zaune da Baba da ƙanwarsa Gwaggo Lami bayan magariba, hira ta kawo mu kan tatsuniyoyin Kaka. Baba ya ce yana tuna wata mai tsuntsuwa. Na yi dariya na ce ai tsuntsuwar tawa ce, ni na saka ta, bari in ba shi ta gaskiya. Na ɗauka abin dariya zan faɗa. Ina cikin bayarwa na ga ya ajiye kofinsa. Da na zo kan maganar mai daddawa sai ya ce, "Sake faɗin wurin nan."

Na sake.

Sannan ya gaya mini abin da wani direba ɗan garinmu da ya rage a gidan ya ba shi labari tun shekarun baya. Bayan rasuwar dattijon an sayar da motocin. Wanda ya sayi koriyar ya sa aka buɗe murfin da ke ƙarƙashin faifan nan mai haƙora, aka sa alli aka ƙirga haƙoransa ɗaya bayan ɗaya. Sun fi na shekarar motar yawa, sun fi su ƙanana. Aka kankare fentin da ya rufe lambar inji, sai ga shi injin ƙanen motar ne da kusan shekara goma, daga zamanin batir mai sha biyu. An canza shi tun dattijon yana saurayi, bai sani ba, kuma injinan biyu kamar tagwaye suke a ido. Aka kawo sitatar da ta dace da injin. Taku ɗaya ta tashi.

"Murfin nan ƙusa huɗu ne," in ji Baba. "Na kwana nawa a ƙarƙashinsa."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Shekararki tara, Mamana." Ya share fuska da hannu. "Abin da ban gane ba, ina Inna ta san wannan?"

Gwaggo Lami ce ta amsa, ita da Kaka take yi wa magana ba shamaki, ita kuma ta yi jinyarta. Ta ce kakana, mijin Kaka, tun kafin a haifi Baba, yana da kitika, wata motar kaya ƙirar Amurka, da yake ɗaukar auduga da ita, irin mai mataki a ƙasa. Ba ta tashi da safe sai mutum ɗaya ya tsaya a gaba yana ɗiga mata fetur, wani yana takawa daga ciki. Da asuba ba kowa a gidan sai amaryarsa, wato Kaka. Sai ya rufe ƙofar gida, ya ɗora ta a kujerar direba, ya ce kada dangi su ji. Wata shekara injin ya mutu aka sa mata na wata sabuwa da ta yi hatsari, aka mayar da tsohuwar sitata, suka yi wata guda suna jin wannan gurnanin kafin wani tsohon makaniki ya ƙirga haƙora. A ƙarƙashin ƙafarta gurnanin yake fitowa.

Na sha tunanin wa zan ɗora wa laifi. Wani lokaci nakan ce kunyar ce, da ta hana uwa taka ƙafa goma ta ce wa ɗanta kalma biyar. Wani lokaci in ce ai ta faɗa, ta hanyar da aka yarje mata, har sau uku, ni ce na ga labarin yana da kaifi na dushe shi don kada ya yanki wanda nake so. Ban gama raba wannan shari'ar ba. Abin da na sani shi ne, yanzu idan likita ya rubuta magani mai ɗaci, nakan gaya wa mai shi cewa yana da ɗaci.

Kafin mu tashi yin isha'i Gwaggo ta ƙara abu ɗaya. Ta ce shekara bakwai Kaka tana tada wannan kitika kowace safiya, tana jin injin yana kamawa a tafin ƙafarta, sannan ta sauko ta shige ɗaki kafin a buɗe ƙofa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa zama a cikinta tana tafiya ba.